Nonon da Ya Farka

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Lariba, autata, ina gaishe ki gaisuwa mai yawa. Ina fata kun isa Techiman lafiya, kun sauke kaya, gajiyar hanya ta sake ku. Ki gaishe min da mijinki Awudu, ki ce masa na gode da ya ɗaure ƙaramar firizar nan da hannunsa a bayan mota, bai bar wa 'yan lodi ba. Allah ya sa sabon garejinsa ya karɓe shi, ya tsare yatsunsa daga ƙarfe, ya haɗa ku da maƙwabta na kirki.

Ba labarin unguwa zan ba ki ba, wannan matan gidanmu za su cika miki kunne da shi a waya. Magana ɗaya ce ta hana ni sakat tun da kika tafi. Ana gobe tafiyarki kin same ni a bakin kwata ina tuttular da rabin bokitin burkina, haɗin gero da nonon nan namu na sayarwa, kika tsaya kina kallona, kika ce, "Mma, ke dai zubarwa ba ta miki wuya. Ni a Techiman ba zan yi wannan ɓarnar ba." Ban amsa miki ba, don gida cike yake da masu yi miki sallama. Amma na ji, kuma maganar ta zauna min. Za ki fara sana'ar nan a garin da ba wanda ya san ki, za ki ce musu ke 'yar Hajiya Azumi mai burkina ce ta Zangon Kumasi, kuma wutar can ba ta fi ta nan kirki ba. Abin da nake tsoro shi ne ranar da za ki sayar wa mutane nonon da ya kamata ki zubar. Shi ya sa na ɗauki biro yanzu da hantsi, an ɗauke wuta, ba wani aikin da zan yi sai zama.

Lokacin da dumso, matsalar ɗauke wutar nan, ta fara tsananta kina firamare. Asantawa da suka laƙaba mata wannan suna, kashe-kunna, ba su yi ƙarya ba. Ni kuwa na daɗe ina sana'a da firiza mai sanyi safe da yamma, har na manta cewa aron sanyin nan nake yi. In turara gero, in murza shi ya zama tsaba-tsaba, in haɗa da nono da sukari, in ɗura a kwalabe, in jera, in tafi harkata. Da abin ya juye sai na zama sabuwar shiga a cikin sana'ata, na yi ta kwaɓa. Zan faɗa miki kwaɓar da na yi yadda take, don kada ki sake sayen abin da na riga na saya mana.

Ta farko rashin haƙuri ce. Da an ɗauke wuta sai hankalina ya koma kan firiza. In buɗe, in taɓa kwalba, in rufe. In je in ɗauraye kofi, in dawo in sake buɗewa, wai in ga ko sanyin yana nan. Marigayi babanku, Allah ya jiƙansa, yana zaune a benci yana jiran azahar kafin ya koma kara wajen shanu, ya dube ni ya tambaye ni ko dubiyar mara lafiya nake kai wa firizar. Na ji haushi, na ce ai dole ya yi dariya tunda shanunsa ba sa cin lantarki. Amma shi ne da gaskiya. Duk buɗewa ɗaya da hannuna nake kwashe sanyin ina ba iska. Saboda haka idan an ɗauke, ki rufe, ki lulluɓa mata bargo da buhunan geron da suka ƙare, ki ɗora turmi a kan murfin. Turmin ba don murfin ba ne, don hannunki ne, na san ki, halina kika ɗauko. Ranar da akwai wuta kuma, duk gurbin da ya rage ki cike shi da ruwan leda ya daskare. Firiza cikakkiya tana riƙe sanyi, mai rabi ba ta da jimiri.

Ta biyu kuwa murna ce ta ja min. Kin san yadda Zango yake idan wuta ta dawo, yara su ɗauki ihu daga wannan lungu zuwa wancan, masu aski da teloli su zabura kamar an kira sallah. Wata rana ina tafa hannu tare da su, ashe wutar da ta zo rabi ce, wadda ake ce wa lo-karen, ƙwan fitila ja kamar garwashi. Firiza tana ta nishi a bayana ban kula ba, sai da na ji ƙauri. Injin ya ƙone, aka loda ta a aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku, zuwa Suame Magazine wajen masu gyara, ta yi kwanaki a can, ni kuma ina gida ina shan nonon da ba zan iya sayarwa ba har ya gundure ni. Tun ranar, da an ɗauke nake zare waya daga bango kafin komai. Idan an kawo kuma ba na gaggawa. Sai yara sun gama ihunsu, fanka ta daidaita gudunta, sannan in jona. Wannan ba sai na tsawaita ba, mijinki ɗan Magazine ne, ya fi ni sani. Ki dai saurare shi ko da kina fushi da shi.

Ta uku ina jin kunyar faɗinta, amma ki sha dariya, na yafe. Kin san babbar kwatar da ta raba layinmu da na su Maame Akosua mai ais-kenke, kunun dokunun nan mai sanyi. Layin wutarsu daban ne da namu. Sau da yawa mu muna zaune a duhun ɗaki muna fifita, su rediyonsu na tashi. Ni kuma na ɗauke ta abokiyar gaba, don yaran makaranta idan ba su sha nawa ba nata suke sha. Sai in zauna nono yana ɗumi a gabana, girman kai ya hana ni tsallake katakon kwata. Ita ce ta gaji da kallona, ta zo da zane ɗaure a ƙirji, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Azumi, kai kawo nono naka. Firij nawa yana da wuri. Gobe namu zai dum, ni ma zan zo." Haka kuwa aka yi. Shekara da shekaru muna tsallake katakon nan da bokitai a ka, yau ni gobe ita, har mutane suna cewa mun fi ma'aikatan wuta sanin inda wuta take. Don haka da kin huta, kafin ki nemi masu saye, ki fita ki gano inda layinku ya tsaya, ki ga wace mai firiza ce a ɗaya layin. Ki kai mata gaisuwa da kwalba biyu tun ba ki da buƙata. Kada ki duba addininta ko yarenta ko abin da take sayarwa, sai dai in kifi ne, don nono yana ɗaukar ƙarni.

Waɗannan duk asarar kaya ce, kaya kuma suna dawowa. Wadda zan faɗa miki yanzu ita ce dalilin wasiƙar.

Kin tuna shekarar da yara suke bin ki a hanyar makaranta suna cewa "sha-ka-ruga", kina dawowa da kuka? Kin san an yi wani abu, amma ba ki san cikinsa ba, don na hana a yi zancen a gabanki. Wani gida a Moshi Zango suka ba ni aikin burkinar suna. Mai jegon, Memuna, 'yar ƙawata ce, haihuwar fari. Na yi aikin da wuri, na cika firiza taf. Sai ga saƙon rasuwa daga Ejura, na tafi ta'aziyya, ban dawo ba sai ana gobe suna. Na shigo na sami firiza tana ruri, na buɗe, kwalabe sun yi tauri kamar dutse. Na tambayi mutanen gida ko an ɗauke wuta, suka ce an ɗauke an kawo, kamar kullum. Ban tambaya ko ta daɗe ba. Na fasa kwalba ɗaya, na ɗebi mai ƙanƙara-ƙanƙara a cokali na kai baki, na ji zaƙi da sanyi, na ce alhamdulillahi.

Ashe wuta ta tafi tun daga fitata, ta yini ta kwana ta sake yini. Komai ya narke, ya yi ɗumi a cikin zafin nan na kafin damina, sannan wuta ta dawo ta sake daskarar da shi, ta rufa masa asiri. Aka sha a wajen suna, ana ta sa min albarka. Kafin la'asar layin ban-ɗaki ya fi layin abinci tsawo. Masu ƙarfi suka wahala suka tashi, har abin ya zama na raha a bakinsu. Amma Memuna jikinta ɗanye ne. Aka kwashe ta zuwa asibiti ana ƙara mata ruwa, nononta ya ɗauke, jaririn yana ta kuka a hannun kakarsa ana ɗiga masa madarar gwangwani. Na je dubiya. Surukarta ta amsa sallamata fuskarta a bango. Memuna kuwa ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi. Ta dube ni da idanun da suka faɗa, ta ce, "Mma Azumi, ni fa ban cika shan nono ba. Don an ce naki ne na ƙara."

Allah ya taimake ni ta tashi, yaron ma ya rayu, shi ne dogon nan da yake gaishe ni a bakin masallaci, bai san komai ba. Amma na daɗe ina fita da kula cike ina dawowa da ita cike. Babanku bai taɓa ce min ga abin da kika jawo ba, sai dai kullum ya ɗauki kwalba biyu ya tafi da su kara, ya zauna a tsakiyar dillalai yana sha a fili. Da haka, a hankali, masu saye suka dawo.

Inna Dija, Bafillatanar da take kawo min nono a galan tun kafin a haife ki, ita ta koya min abin da na ɗauka na sani. Na ajiye kwalba ɗaya daga na sunan, na nuna mata ina rantsuwa cewa na ɗanɗana kafin in kai. Ta tsiyaya kaɗan a cokali, ta ɗora cokalin a tafin hannunta, ta ci gaba da hira da ni a kan tsadar dusa kamar ta manta da shi. Sai da sanyin ya fita sarai sannan ta kai baki, ta juya shi a harshe, ta tofar. Ta ce, "Ya farka." Ta ce nono abu ne mai rai, sanyi ba ya kashe shi, barci kawai yake sa shi. Idan wuta ta tafi ya ji ɗumi sai ya farka ya ci gaba da aikinsa, kuma wanda ya farka ya daɗe a farke, ko an mayar da shi sanyi, idonsa biyu. Ta ce harshe ma sanyi yana sa shi barci, shi ya sa ban ji komai ba. Daga bakinta kalmar nan ta shigo gidanmu, kika taso kina jin ina cewa wannan ya farka, wancan bai farka ba, wataƙila kin ɗauka duk Zango haka ake faɗa.

Wahalar sana'armu ita ce kayanmu da tsaminsa ake sonsa. Mai sobolo, zoɓon nan, idan nata ya yi tsami kowa ya sani. Mu kuwa tsami biyu ne a gidan. Na kirki yana tsayawa a gefen harshe, ya tsinko miki yawu, ki ji kina son ƙari. Na farkawa yana wucewa can baya wajen maƙogwaro, da ɗan ɗaci-ɗaci, da wani tsiki kamar na lemon kwalba, kuma idan kin fitar da numfashi ta hanci za ki ji warin tsumman da bai bushe ba. Idan ya yi nisa geron yana yauƙi, murfin kwalba ya kumbura, amma wannan ko makaho ya gani. Wanda yake kwantar da mutane shi ne na tsakiya, wanda ido ba ya kamawa, sukari kuma yana rufe shi.

Kofin nan na roba da kika saba gani a kusurwar firiza, mai ƙanƙara da ƙwallon dabino a samansa, bayan wannan abin na fara ajiye shi. Idan na dawo daga unguwa na ga ƙwallon ya nutse ƙasa, na san an narke an sake daskarewa a bayana. Ki yi naki tun ranar farko. Amma kada ki ba shi amana duka. Ranar lo-karen firiza tana iya yini tana ɗan sanyi-sanyi, ƙanƙarar kofi ba ta narke ba, kwalaben sama kuwa sun farka. A nan ba kofi, ba ido, ba mai gyaran Magazine. Cokali ne a tafin hannu, da haƙurin jira, da harshe. Kowane haɗi, kafin kwalba ɗaya ta bar gidanki, ko mai saye yana tsaye yana buga ƙafa.

Yanzu bari in amsa miki maganar bakin kwata. Kin yi gaskiya, ina zubarwa fiye da kima. Na tabbata a cikin abin da na tuttular a 'yan shekarun nan akwai mai kyau da yawa, kuma duk bokitin da ya bi kwata sai na ji shi a ƙirjina, don na san wahalar turara gero a gaban murhu. Ba wadata ce ta yi min yawa ba, Lariba.

Kin tuna zazzaɓin da ya kwantar da ni shekarar da aka rufe gari, kowa da ƙyalle a hanci? Na tashi, amma hancina da harshena ba su tashi tare da ni ba. Likita ya ce za su dawo. Gishiri ya dawo, zaƙi ya dawo, yaji ma ina jin zafinsa. Tsami bai dawo daidai ba, wari kuwa ko na hayaƙi sai ya cika ɗaki nake sani. Na kirki da na farkawa duk ɗaya suke a bakina yau. Ban faɗa wa kowa ba, ko Maame Akosua, don mai burkinar da ba ta da harshe, in Zango ya ji, ta gama.

Shi ya sa kike jin ina kiranki kullum, "Auta, zo ki ji min ko sukari ya ji." Ba sukari nake tambaya ba. Na riga na ɗumama cokalin a hannuna kafin ki iso, ina miƙa miki ina kallon fuskarki. Idan lafiya ne kina lashe cokalin ki wuce kina waƙa. Idan ya farka kuwa, hancinki yana ɗan tattarewa ta gefen hagu, ki ce sukari ya yi amma yau bai yi miki daɗi ba, ba ki ma san dalili ba. Ko sau ɗaya hancin nan bai yi min ƙarya ba. Ranar da kina makaranta ko kin tafi kasuwar Kejetia sayayya, wuta kuma ta yi wasanta, ba ni da wanda zan miƙa wa cokali, sai in ɗauki bokiti in nufi kwata. Ranar da kika gan ni ma haka ne. Kina ɗaki ana yi miki lalle, hannu da ƙafa a naɗe, ƙawayenki sun kewaye ki, na kasa kiranki, sai da na kusa gama zubarwa kika fito.

Na san za ki ji ba daɗi da na ɓoye miki, kuma za ki ce za ki dawo. Kada ki soma. Na yi shawara da kaina, na gama. Na sallami Inna Dija ranar Juma'a, mun yi kukanmu mun share. Daga yanzu sobolo da lamurji da ƙanƙara zan riƙa yi, su ba sa kwantar da kowa, kuma sun ishe ni cefane. Masu zuwa da kwano da yamma ina ce musu burkina ta koma Techiman. Wasu suna tsammanin wasa nake.

Saboda haka abin da na kwashe shekaru ina gyarawa tun daga gadon asibitin Memuna, yanzu a bakinki yake, ba ni da sauran iko a kansa. Ke ba sai kin yi ɓarna irin tawa ba, don ke kina ji. Mai kyau ki sayar da shi hankali kwance, ko wuta ta yini ba ta nan. Amma ranar da hancinki ya tattare, ko da na bikin gidan sarkin Zango ne, ko da ba ki da wani a madadinsa, ki je da kanki ki ba su haƙuri, ki dawo ki zubar. Za su yi fushi, fushin kwana kaɗan ne. Kada ki tsaya kina lallashin kanki da ƙarin sukari, na san wannan muryar, tana da daɗin saurare.

Idan Allah ya kai mu babbar sallah kuka zo gida, ki saka min kwalba ɗaya ta hannunki a cikin kula. Ba zan iya ce miki ta yi daɗi ko ba ta yi ba. Amma rabon da in sha burkina har ƙasan kwalba ba tare da tsoro ba tun kafin ciwon nan, kuma ina marmari.

Allah ya tsare min ke a gida da kasuwa, ya tsare mutane daga hannunki, ya tsare ki daga nasu. Allah ya ba ku zaman lafiya ke da Awudu, ya sa albarka a geronki da nononki, ya kai ku ya dawo da ku lafiya duk inda kuka sa ƙafa. Maame Akosua tana gaishe ki, ta ce har yanzu ba ki mayar mata da murfin bokitinta ba.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Azumi